Yadda Badaru Ya Kawo Tekun Indiya Lugbe

Shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja, kowane ma'aikaci da abin da ya iso da shi. Wani ya zo da ƙarin girma, wani ya zo da ciwon baya saboda zaman mota. Shi kuwa Malam Badaru, mai kula da sito a wata ma'aikata, littafi ya zo da shi. Ranar da ake ciccibar kayan ofis ana lodawa a tirela ya tsince shi a bayan wata tsohuwar durowa. Littafin jagorar matafiya ne, na Turanci, cike da hotunan bakin tekun Indiya, wani yanki da ake ce wa Gowa. Ga farin yashi, ga bishiyoyin kwakwa, ga laimomi masu launi, ga kwale-kwalen masunta, har da shanu kwance a gefen ruwa suna tuƙa abinsu.

Kafin tirelar ta wuce Lokoja, Badaru ya gama kallon hotunan. Kafin ta iso Gwagwalada, ya riga ya je Indiya ya dawo.

Gidajen gwamnati na cikin gari ba su kai kan masu irin matakinsa ba, don haka a Lugbe ya samu ciki da falo, can gefen titin filin jirgi. To a nan fa bakinsa ya buɗe. Kullum da safe a teburin mai shayi sai ka ji shi: “Ni da na yi iyo a tekun Gowa! Igiyar ruwa ta taso ta fi wancan dutsen tsawo, na ce mata bismilla.” Ya zaro littafin ya buɗe, ya nuna wani ɗigo baƙi can tsakiyar ruwa ya ce shi ne nan, mai hoton ne ya tsaya da nisa. Mutanen Lugbe ba su da dalilin musu, sai suka laƙaba masa Oga Indiya, shi kuma ya amsa da hannu biyu.

Mutum ɗaya ce a duk Abuja ta san gaskiya, ita ce matarsa Rabi'atu. Haifaffiyar Agege ce, a Legas ta buɗe ido, kuma ta san ko can ɗin in sun je bakin ruwa ranar Lahadi, wajen mai gasa masara Badaru ke tsayawa yana riƙe wa mutane takalma. Amma ba ta tona shi ba, don ita damuwarta ta fi wannan. Tun da suka zo ba ta buɗe babban akwatinta ba. Ta dubi gabas duwatsu, ta dubi yamma daji, ta dubi titi tifofi ne kawai ke wucewa. Ba ta shiga sabgar kowa, ba ta dariya, abinci ma sai dai ta tsakura.

Wata safiya a tsakar gida, gaban maƙwabcinsu Philip mai buga tafireta da matarsa Glory, ta ajiye tsintsiya ta ce, “Malam, motar Yaya Hanif za ta biyo ta nan ƙarshen wata, ranar Lahadi, in ya sauke goro zai koma Legas. Zan bi shi.”

“Ki bi shi ki yi kwana nawa?”

“Ban ce zan dawo ba.”

Gaskiyar magana Badaru yana son matar nan kamar ransa, kuma ya san in ta faɗi abu ba ta lashe shi. Sai dai shi wani irin mutum ne, in tsoro ya kama shi, bakinsa ne ke ƙara girma. Ya gyara hula ya ce, “Wai me ke Legas ɗin da babu a nan?”

“Wuta. Famfo. 'Yan'uwana. Teku.”

Da mai lissafi ne, da famfo ya kama, ko ya yi alkawarin rijiya. Ina! Badaru ya tsallake ukun farko ya dira kan na ƙarshe.

“Teku? Teku kawai? Haba Rabi, ai sai ki faɗa tun tuni! Philip, Glory, ku zama shaida. Kafin motar Yaya Hanif ta iso, zan kawo mata teku har Lugbe. Ba irin ta Legas mai datti ba, irin ta Indiya. In ban kawo ba, ni da kaina zan ɗora mata akwati a mota.”

Rabi'atu ta ɗauki tsintsiyarta ta ce, “Allah ya ba da sa'a. Ka fara motsa jiki, akwatin da nauyi.”

A bayan unguwar akwai wani ƙaton rami da masu aikin titi suka haƙa suka kwashe jar ƙasa. Ruwan damina ya taru a ciki ya ƙi ƙafewa har cikin bazara, ja wur da shi. Gefensa gonar doyar wani dattijon Gbagyi ce mai suna Kure, wanda kakanninsa ke noma wurin tun kafin a yi mafarkin birni. Badaru ya same shi a kan kunya, ya buɗe masa littafi.

“Baba Kure, ka ga wannan? To haka ramin nan zai koma.”

Kure ya dubi hoton, ya dubi ramin, ya sake duban hoton. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. “Oga Indiya, wannan ruwa kwaɗo ne a ciki.”

“A Gowa ma akwai kwaɗi. Sun fi waɗannan girma.”

“To shi teku ɗin, yana cin doya?”

“Ba ta ci.”

“In ba zai shiga doya na ba, ka yi. Ni ma ina so in gani, matarka ma ya gani.”

Farkon abin da littafi ya nuna yashi ne. Badaru ya tare Zacharias direban tifa, ya yi masa romon baka, ya ce ranar buɗewa shi za a naɗa kyaftin na teku, iyalinsa kuma su shiga kyauta har jikoki. Zacharias bai taɓa riƙe sarauta ba ko ta 'yan aji, sai ga shi da sassafe ya juye farin yashi tuli guda a bakin ramin. Badaru ya zagaya shi yana shafawa, sannan ya hau bas ya tafi ofis yana fito.

Abin da ya manta shi ne, a Abujar wannan lokaci kowa gini yake. Duk wanda ka gani, ko yana ta da ɗaki, ko yana toshe ɓaraka, ko yana shirin yi. Kuma a Lugbe tulin yashin da babu mai shi a tsaye, ba sata ba ce in ka ɗibi kwano ɗaya, aro ne. Da Badaru ya dawo da yamma, sai ya tarar da shatin inda yashi ya kwanta, fes, har an share.

“Ina tekuna?” ya kurma ihu.

Glory ta leƙo. “Oga, ni kwano ɗaya na ɗiba, murhuna ne ya fashe.”

Philip ya sunkuyar da kai. “Ni ma ɗaya ne, na daɓen banɗaki. Ai kai ma kana shiga.”

Masu ginin coci suka ce ɗaya suka ara. Masu ginin masallaci suka ce su da suka ga na coci sun ara, sai suka ɗauka waƙafi ne. Duk wanda Badaru ya tambaya kwano ɗaya ya ɗiba, kuma kowa ya yi masa addu'a, har wata tsohuwa ta ce Allah ya ƙaro irinsa a unguwa.

Da ƙyar Badaru ya shawo kan Zacharias ya ƙaro wani lodin, bayan ya ɗaga masa sarauta daga kyaftin zuwa babban kwamanda. Wannan karon Badaru ya aika ofis cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya zo ya hau kan yashin ya zauna da laima da gora. Daga nan yake ba da umarni. Littafi ya nuna kwale-kwale, sai ya karɓi tsohon firjin Philip wanda ya mutu a hanyar Legas, ya cire injin, ya ɓalle ƙofar, ya kwantar da gangar jikin a bakin ruwa. Littafi ya nuna laimomi, sai ya bi masu tireda yana aro.

Yana cikin wannan sai ga wata farar mota ta tsaya. Mutum uku suka fito, ɗaya da fayil, ɗaya da taswira, ɗaya da bokitin jan fenti. Waɗannan su ne masu yi wa gidaje alamar rusau, waɗanda in an hango su ko mai gyaran akurki sai ya ajiye guduma. Unguwa ta yi tsit, kowa na leƙe ta taga.

Mai fayil ya ce, “Wa ke gini a nan?”

Badaru ya sauko daga kan yashi. “Ranka ya daɗe, ba gini ba ne. Teku ce.”

“Me?”

“Teku. Irin ta Gowa.”

Mai taswira ya warware takardarsa, ya bi ta da yatsa sama da ƙasa. “Oga, babu teku a Lugbe. A duk tsarin birnin ma babu.”

“To ai shi ya sa na kawo,” in ji Badaru.

“Ina takardar izini?”

“Wane ofis ke bayarwa?”

Nan fa suka dubi juna. Mai fayil ya ce sashen filaye ne, mai taswira ya ce a'a, na ruwa ne, kuma su ba su gama tahowa daga Legas ba. Mai fenti, wanda tun safe bai shafa wa komai ba, ya ce, “Oga, fenti zai bushe fa.” Suka zagaya neman bango, babu bango. Suka nemi tubali ko guda, babu. Daga ƙarshe mai fenti ya durƙusa ya zabga wa firjin wani ƙaton jan kuros a gefe, suka shiga mota suka tafi ransu a sanyaye.

Ƙurarsu ba ta kwanta ba Badaru ya juyo ga masu leƙe. “Kun gani da idonku! Gwamnatin tarayya ta sa hannu.”

Saura kwakwa. Kure na da bishiyoyin gwanda a bakin gonarsa, dogaye, marasa reshe, daga nesa in ka kanne ido ɗaya za su wuce. Badaru ya je kasuwar Wuse ya ciko buhu da kwakwa, ya jingina tsani, ya ɗaɗɗaure su a wuyan gwandar da robar tayar keke. Kure ya tsaya a ƙasa riƙe da fartanya yana kallo.

“Oga Indiya, tun da aka haife ni ban ga gwanda ya haifi kwakwa ba.”

“Ba ka je Indiya ba ne, Baba.”

“In ya nuna, nawa ne ko naka?”

Ana saura kwana kaɗan Philip ya zo duba aiki. Shi ma ya zauna Legas, don haka ya tsuguna ya tsoma yatsa a ruwan ya ɗanɗana, ya tofar. “Oga Badaru, akwai matsala. Teku gishiri gare ta. Wannan kuwa lami ne, sai warin kwaɗo. Madam na taɓawa za ta gane.”

Wannan bai taɓa zo wa Badaru a rai ba, don littafin bai nuna ɗanɗano a hoto ba. Amma nan da nan ya murmure. “Na sani mana! Gishiri ai a ƙarshe ake sa shi, ko a miya.”

A ɗakinsu akwai wata fanka mai tsayuwa da suka zo da ita daga Legas, wadda tun da ta iso Lugbe ba ta juya ko sau ɗaya ba. Ya faki idon Rabi'atu ya saɓe ta sai Wuse, ya musanya ta da buhunan gishiri. Ya juye rabi a ruwa, Philip ya ɗanɗana ya ce har yanzu kwaɗo ya fi yawa. Sai Badaru ya yi dabara: ya barbaɗe sauran a kan yashi da bakin ruwa, yadda duk wanda ya taɓa ya kai baki zai ji teku. Ya yi ta cakuɗawa da hannu da ƙafa har jikinsa ya yi fari fat.

Ya koma gida ya tarar da Rabi'atu tsaye inda fankar take.

“Malam, ina fankata?”

“Wace fanka? Wadda babu wutar kunna ta?”

“A Legas akwai wuta. Can zan kai ta.”

Maganar ta soke shi, amma ya daure. “Rabi, wanda ke da teku a bayan gida me zai yi da fanka? Iskar bakin teku kyauta ce.”

Ta dube shi tun daga kan hula har ƙafa. “Ka je ka yi wanka. Ka yi kama da kifin da za a shanya.”

Ranar Lahadi ta zo. Bayan an taso daga coci an kuma idar da azahar, sai ga motar Yaya Hanif ta tsaya a bakin titi, doguwa mai bodin katako. Ba a jima ba akwatin Rabi'atu ya hau sama aka ɗaure. Ta fito da mayafinta da jakar hannu. Badaru ya sha gabanta. “Rabi, alkawari ne. Ki zo ki gani da idonki. In ba ta yi miki ba, ga mota nan.”

Yaya Hanif ya dubi agogo ya ce tafiya ce mai nisa a gabansa, amma shi ma yana son ganin tekun da ta hau tudu ta zo Abuja. Suka ɗunguma.

Lugbe kaf ta hallara. Masu tireda sun zo gadin laimominsu, mai rake ya kafa baro, Zacharias ya sha farar riga da wata hular 'yan sanda ta aro yana sara wa kowa. Badaru ya shige bayan gwanda ya fito da gajeren wando, da baƙin tabarau, da furanni zagaye da wuya, littafi a hammata. Mata suka ja mayafi suka rufe baki.

“Jama'a, barkanku da zuwa Gowa ta Lugbe! Philip, saki igiyar ruwa!”

Philip, wanda ya naɗe wando yana tsaye a gefen ruwa da ƙofar firji, ya fara turawa yana ja. Wani ɗan jan ruwa ya taho ya lashi yashi ya koma, ya bar kwaɗo guda a zaune yana kallon mutane. Aka tafa.

“Babban baƙo, Yaya Hanif, bismilla ƙarƙashin kwakwa, ka sha inuwa.”

Yaya Hanif ya zauna a kujera ya jingina da gwanda. Robar da rana ta gasa kwana da kwanaki ta ce ɗas, kwakwa ta sauko ta daki hularsa ta lotsa ta har kunne. Ya miƙe yana salati yana dafe da kai.

“Alhamdu lillahi, ta nuna!” in ji Badaru. “A Gowa wanda ta faɗo wa, shi ne mai sa'ar shekara.”

“Sa'ar uwar wa?” in ji Yaya Hanif. “Rabi, wuce mu tafi!”

Rabi'atu ba ta motsa ba, don idonta na kan wani abu. Wata farar saniya ce ta ɓullo daga bayan gonar Kure, tana tafe tana shinshina iska. Ta ratsa mutane ba ta kula kowa ba, ta sa baki a yashi ta fara lasa, sannan ta durƙusa ta kwanta daidai ƙarƙashin laima.

Badaru ya yi tsalle ya buɗe littafi ya ɗaga sama. “Ku duba! Ku duba hoton nan! Saniya a bakin teku! Na ce muku ko ban ce muku ba? Har ita ta gane wurin!”

Mutane suka matso suka duba, wallahi kuwa haka hoton yake. Tafi ya ɓarke, Zacharias ya sara wa saniyar. Har Rabi'atu sai da gefen bakinta ya motsa. Badaru ya hango wannan ɗan motsin, zuciyarsa ta yi fari, ya buɗe baki zai fara jawabi.

Sai ƙasa ta fara rawa.

Ita saniya ba ta cin gishiri ita kaɗai. Garke guda ne ke bayanta, na wani Bafulatani da ke ratsawa da su neman ruwa, kuma rabonsu da gishiri tun kaka. Suka kwararo ta cikin gwanda, ƙaho na karo da ƙaho. Kwakwa ta dinga zubowa tim, tim. Laimomi suka kife, masu tireda na bin su da zagi. Mai rake ya tura baronsa ya ranta a na kare, Philip ya jefar da igiyar ruwa ya haye tudu. Kure ya tsaya bakin gonarsa yana jujjuya fartanya yana ihu, “Oga Indiya, ka ce teku ba ya cin doya! Ga shi ya kawo masu ci!”

Bafulatanin ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya dubi shanunsa suna lasar ƙasa, ya ce, “Kai, Allah ya yi albarka. Wane bawan Allah ne ya yi wa dabbobi sadaka haka?”

Wani jan bijimi ya gano cewa duk wurin babu inda ya kai ƙafafun Badaru gishiri. Ya zaro harshe ya lashe shi daga idon sawu har gwiwa. Badaru ya yi ƙara ya ja da baya, bijimi ya biyo. Ya yi dama, ya biyo. Da ya ga babu hanya sai ya faɗa cikin firji ya tokari ƙasa da ƙafa, kwale-kwale ya sulale ya shiga ruwa.

Nan ma bakinsa bai mutu ba. Da ya ga ya tsira, ya miƙe tsaye a ciki ya ɗaga wa jama'a hannu. “Kada kowa ya tsorata! Haka masuntan Gowa ke fita!”

Firjin ya yi gaba yana juyawa a hankali har tsakiyar rami. Sai a nan Badaru ya tuna hujin da ya bari inda ya cire inji. Ruwa na ɓulɓulowa ta nan, ya rufe masa sawu, ya kama ƙwauri. Ya toshe da ƙafa, ya toshe da littafi, ya cire tabarau yana kwarfa da shi. Firji ya karkata, jan kuros ɗin gwamnati ya dubi sama, Badaru ya yi cikin ruwa tsulum.

Ya ɓullo yana dukan ruwa da hannu bibbiyu. “Wayyo! Jama'a!”

Jama'ar da suka haye tudu suka ɗauki tafi.

“Kai, ka ga iyon Indiya!” in ji Zacharias.

Ya nutse, ya sake ɓullowa. “Ku cece ni! Zan mutu!”

“Har da waƙa yake yi,” in ji Glory. “Haka suke a fim.”

“Oga Indiya, yi irin na bayan nan da ka ce!” wani ya ƙwala daga sama.

Ya sake nutsewa, wannan karon ya ɗan jima. Furannin wuyansa suka taso su kaɗai. Mutane suka fara ƙirga masa, ana cewa ai ya taɓa faɗa a teburin shayi cewa yakan yi rabin awa a ƙarƙashin ruwa.

Rabi'atu ta yar da jakarta. Ta ture Zacharias, ta fizge sandar Bafulatani daga kafaɗarsa, ta ratsa tsakiyar shanu tana dukan na gabanta. Ta faɗa ruwan da zanenta da mayafinta, ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, taɓo na riƙe mata ƙafa. Ita ma ba iyon ta iya ba. Da ruwa ya zo mata wuya ta tsaya ta miƙa sandar iya tsawon hannunta, daidai inda kumfa ke tashi.

“Malam! Kama! Kama, don ubanka, kama!”

Wani hannu ya fito ya damƙi sandar. Sai a lokacin tafi ya tsaya. Yaya Hanif da Bafulatani suka ruga suka kamo ta ta baya, aka ja, aka ja, har aka fito da Oga Indiya kan abin da ya rage na yashi, ja wur da taɓo, ciki ya yi tulu. Kure ya danna masa ciki da tafin hannu, ruwa ya yi ta fita. Badaru ya yi tari, ya buɗe ido, ya ga Lugbe gaba ɗaya a kansa.

Philip ya ce a hankali, “Oga, ashe ba ka iya ba?”

Badaru ya buɗe baki, kowa ya kasa kunne. Ya dubi matarsa, jiƙe sharkaf, ɗankwali ya tafi, hawaye na bin taɓon fuskarta. Karo na farko tun da aka san shi a Lugbe, ya mayar da bakin ya rufe.

Yaya Hanif ya matse hularsa ya ce, “To, an ga teku. Rabi, je ki canza kaya mu kama hanya.”

Rabi'atu ta share fuska da bayan hannu. Ta dubi mutanen da ke tsaye, waɗanda tafinsu bai gama hucewa a hannu ba. Ta dubi mijinta a kwance, jan bijimin nan ya dawo yana lasar masa ƙeya, shi kuwa ko ƙarfin korarsa ba shi da shi.

“Yaya, a sauke min akwatina.”

“Ke! Saboda wannan kududdufin?”

“Saboda wannan mutumin,” ta ce. “Duk garin nan ni kaɗai na san maƙaryaci ne. In na tafi, wata rana tafa masa za su yi har ya mutu.”